Kalmomi Huɗu a Farkon Wasiƙar Bulus Zuwa ga Romawa



Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin wasiƙun sarakunanmu ya san yadda ake buɗe su: takarda ta fito daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa da addu'a, sa'an nan a shiga magana. Mai gaggawa yakan tsallake wannan sashe. Mai binciken tarihi kuwa nan yake fara tsayawa, domin a nan marubuci yake nuna matsayin da ya ba kansa da wanda ya ba mai karɓa. Abin da za mu yi ke nan yau da ayoyi bakwai na farkon wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa.

An rubuta ta a Koranti ta ƙasar Girka wajen shekara ta 57 Miladiyya. Bulus ne ya yi ta faɗa, wani magatakarda mai suna Tartiyas yana rubutawa, ana kuma kyautata zaton wata mata mai suna Fibi ce ta kai ta. Bulus bai taɓa zuwa Roma ba a lokacin, ba shi ya kafa ikilisiyar can ba, ga shi yana bukatar ta rakiya da guzuri zuwa Asbaniya. Ikilisiyar kanta a rabe take. Wajen shekara ta 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin saboda tarzoma, har da waɗanda suka karɓi Almasihu. Da ya mutu a shekara ta 54 suka fara komowa, suka tarar waɗanda ba Yahudawa ba sun riƙe ragamar jama'a. Sai gardama ta tashi a kan abincin da ya halatta da ranakun ibada. Baƙon da zai sa baki a rikicin gidan da ba nasa ba, tilas ya auna kalmominsa.

Kafin ya kira kansa manzo, sai da ya fara kiran kansa bawa. Bahaushe ba zai ji wani abu ba, don kullum muna cewa bawan Allah, haka ma littattafan Ibrananci suke kiran Annabi Musa. Amma a Roma, inda ake cinikin bayi a kasuwa, kuma wasu daga cikin masu sauraren wasiƙar bayi ne ko 'yantattu, kalmar tana da nauyi. Manzo kuwa fassara ce ta kalmar Helenanci "afostolos", wato wanda aka aika. Ina jan hankalin ɗalibai a nan, domin kunnenmu ya saba jin manzo a ma'anar da Musulunci ya ba shi. Abin da Bulus yake nufi ya fi kusa da manzon sarki, wanda ba shi da maganar kansa sai ta wanda ya aiko shi. Ba kowa ya yarda masa da wannan suna ba. Ba ya cikin almajirai goma sha biyu, da fari ma tsananta wa mabiya Almasihu yake yi, an kuma ƙalubalanci matsayinsa a Galatiya da Koranti. Shi ya sa ya ce kiransa aka yi, ba naɗa kansa ya yi ba.

Abin lura shi ne, wannan kalma ta kira ita ya sake amfani da ita ga mutanen Roma, ya ce su ma an kira su su zama tsarkaka. A yau in aka ce waliyyi, hankali yakan tafi ga wani fitaccen mutum da ya rasu. Wannan ma'ana daga baya ta zo, ta hanyar girmama shahidai, sai a shekara ta 993 aka fara samun Fafaroma ya tabbatar da waliyyi a hukumance, wato Ulrich na Augsburg. Tsarkakan Bulus rayayyu ne, masu sana'a da bayi da mata, fiye da ashirin ya gaishe su da suna a sura ta 16. Tsarki a bakinsa yana nufin keɓewa ga Allah, kamar yadda aka keɓe Bani Isra'ila. A ganina nan ne siyasar wasiƙar take: ya ɗauki laƙabin da Yahudawa suka sani nasu ne, ya yafa wa ɓangarorin biyu, ba tare da ya tambayi wa yake cin me ba.

Gaisuwar ma haka take. Bahelene yakan buɗe wasiƙa da "kairen", wato barka. Bulus ya karkatar da ita kaɗan ta zama "karis", alheri, ya haɗa ta da salama, wato "shalom" ta Yahudawa, wadda tushenta ɗaya ne da "salam" ta Larabci da muka aro. Kowane ɓangare ya ji gaisuwar gidansu. Bugu da ƙari, mutanen Roma sun saba jin cewa Kaisar ne mai ba da zaman lafiya, har an gina wa wannan salama bagade a zamanin Augustas. Bulus ya ce daga Allah take fitowa.

Alheri shi ne kalmar da ta fi jawo dogon tarihi. Ma'anarsa kyautar da ba a biya ba, ba a kuma cancanta ba. To, in ceto kyauta ne, ina amfanin aikin mutum? A kan wannan tambaya Augustin, bishof ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi ta jayayya da Felajiyas, har majalisar Kartaj ta yanke hukunci a shekara ta 418. A kanta kuma Martin Luther ya tsaya sa'ad da yake karantar da wannan wasiƙa a Wittenberg a 1515 da 1516, shekara guda kafin ɓarakar da ta raba ikilisiyar Turai. Sai a 1999 Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a kan matsaya ɗaya game da ita.

Shi Bulus kuwa, tafiyar ba ta zo masa yadda ya shirya ba. Ya fara zuwa Urushalima da gudummawar da ya tara wa matalautan can, aka kama shi, ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya. Ya isa Roma wajen shekara ta 60, a hannun soja. A shekara ta 64 gobara ta cinye yawancin birnin, Sarki Nero ya ɗora wa Kirista laifi, aka kashe da yawa daga jama'ar da aka rubuta wa wasiƙar. Tsohuwar ruwayar ikilisiya ta ce a zamanin Nero ɗin aka fille wa Bulus kai a wajen gari, a hanyar Ostiya.