Daga Majigi Zuwa Dandali: Waiwaye Kan Aron Labari a Wasan Kwaikwayonmu

 

Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin wannan mujalla da ya sake ba mu fili a fitowar bana. Abin da muka zaɓa mu waiwaya shi ne wasan kwaikwayo na dandali, wato wanda ake yi ido da ido a gaban jama'a. Da yawa daga cikin 'ya'yan Ƙofar Marke da aka haifa a Legas ko Abuja ko Kaduna ba su taɓa ganin irinsa ba, fim kawai suka sani. Za mu fara da wani misali daga Ingila domin ya zame mana madubi, sa'annan mu dawo gida mu duba abin da magabatanmu suka yi, da abin da ya rage a kanmu.

Tsohuwa da 'yan fashi biyar

A shekarar 1955 kamfanin shirya fina-finai na Ealing da ke Landan ya fitar da wani fim mai suna The Ladykillers. William Rose ne ya rubuta labarin, Alexander Mackendrick ya ba da umarni, Alec Guinness kuma ya fito a matsayin shugaban miyagu. Labarin wasu 'yan fashi biyar ne da suka kama haya a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, suka ce mata su makaɗa ne masu neman wurin gwaji. Suka sace fam 60,000. Da tsohuwar ta gane, sai ta ce lalle a mayar da kuɗin mutane. Suka yanke shawarar kashe ta, amma aka rasa wanda zai iya ɗaga mata hannu. Ƙarshenta suka hallaka juna ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu kuma ƙarfen alamar jirgi ya faɗo masa a ka. Da ta je ta ba 'yan sanda labari, suka ɗauka ruɗin tsufa ne, suka ce ta riƙe kuɗin.

Wannan shi ne irin wasan da za mu kira barkwanci mai ɗaci: mai kallo yana dariya, alhali abin da ke gabansa sata ne da cin amana da mutuwa. A shekarar 2011 marubuci Graham Linehan ya mayar da fim ɗin wasan dandali. Aka fara nuna shi a Liverpool, daga nan aka kai shi Landan, kuma tun daga lokacin ƙananan ƙungiyoyin wasa na 'yan sa-kai suka yi ta ɗaukarsa suna nunawa a garuruwansu. Dalilin karɓuwarsa a wurinsu a fili yake. 'Yan wasan kaɗan ne, kuma kusan duk abin da ya faru a cikin gida ɗaya ya faru. Fashin kansa, wanda a fim aka yi shi a kan titi, a nunin farko da ƙananan motocin wasan yara aka kwaikwaye shi, wannan kuwa ya ƙara wa jama'a dariya. Ashe ƙarancin kaya kan zama dabara a hannun gwani.

Dariya mai ɗaci a gidanmu

Kada 'ya'yanmu su zaci cewa irin wannan barkwanci baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan majigi muna da shi. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe, wani ya manna auduga ya zama tsoho da gemu, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, a yi wa gwauro tsiya har ya ji a jikinsa. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna musu halayensu a fili ba tare da an hukunta kowa ba. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Akwai kuma 'yan kama, masu ɗaukar salon mai wa'azi su yi ta bayani a kan tuwo da miya. Duk waɗannan hanyoyi ne na faɗin gaskiyar da ba ta faɗuwa kai tsaye. Wanda aka yi da shi ya gane, amma tun da wasa ne, dole ya yi dariya tare da kowa.

Rubutaccen wasa da gudummawar ƙasar Sakkwato

Rubutaccen wasa na boko ya fara ne a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ya wallafa Six Hausa Plays domin amfanin makarantu. Ƙasar Sakkwato ba ta yi jinkirin shiga ba. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda ke jan hankali ga tsafta da amfanin ilimin zamani, kuma ana lissafa shi cikin na farko da ɗan ƙasa ya rubuta. A 1954 aka sami Malam Inkuntum na Alhaji Dogondaji. Bayansu Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Mu da muka fito daga kwalejojin horon malamai mun tarar da waɗannan littattafai a aji, kuma al'adar makarantu ce a wancan zamani a rufe zango ko ranar ba da kyaututtuka da wasan kwaikwayo. Benci biyu da zane ɗaya sun isa su zama fada ko kotu.

Tare da ƙirƙira, marubutanmu sun yi aro ba tare da jin kunya ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya zuba cikin Magana Jari Ce, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Shi Abubakar Tunau ya juya labarin Haji Baba, mutumin Isfahan ta ƙasar Farisa, zuwa Hausa. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shakespeare ya zama Daren Sha Biyu a 1971. Ahmed Sabir ya kawo Mutanen Kogo a 1976 daga wasan Taufiƙul Hakim na Masar, Ɗahiru Idris kuma ya fitar da Matsolon Attajiri a 1981. Darasin da ke cikin aikinsu guda ne: labarin aro sai an tuɓe masa rigar garinsu an sa masa tamu kafin ya zauna.

Yadda dandali ya koma allo

Babu misalin da ya kai Shaihu Umar nuna hanyar da wasanmu ya bi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi aka buga a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandali, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Wato daga littafi zuwa dandali, daga dandali zuwa majigi.

Haka sauran suka bi. Gidajen rediyo da talabijin suka janye gwanayen dandali: Usman Baba Pategi da Samanja, Ƙasimu Yero da Karambana, a nan gida kuma NTA Sakkwato da Idon Matambayi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan harkar fim ta buɗe. Matasa suka sami sana'a, wannan alheri ne. Sai dai ƙungiyoyin unguwa sun watse, kowa ya bi kyamara, aro kuma ya zama na gaggawa, ana kwaso fim ɗin Indiya da rawarsa da waƙarsa ba a tsaya an sauya masa riga ba. A Ingila labari ya fita daga majigi ya koma dandali. A wurinmu hanyar ɗaya ce, wanda ya tafi bai dawo ba.

Akwai wata hasarar kuma. Fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a rumbun Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan aikin da ya fito daga alƙalamin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga wasannin da malaman firamare suka rubuta da hannu a littafin aiki?

Abin da ya rage a kanmu

Ba mu jahilci cewa wasu iyaye na ƙyamar wasan kwaikwayo ba, saboda abin da suka gani na rashin kamun kai a wasu fina-finai. Damuwarsu tana da tushe, musamman a birnin Shehu. Amma wasan da aka yi a farfajiyar makaranta, da rana, a gaban iyaye da malamai, yana da masu tsaronsa a zaune. Ko labarin tsohuwar nan, idan aka kawo shi gida, 'yan fashin za su zo ne a matsayin fatake masu neman masauki a zaure, tsohuwar kuma ta zama gwoggon da kowa a unguwa ya sani, wadda ba ta cin haram ko da za ta kwana da yunwa. Ƙarshensa kuwa mun riga mun san shi: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, a nemi tsofaffin malamai da 'yan wasa da ke raye a rubuta abin da suka tuna, a kuma tattara rubutattun wasannin da ke cikin akwatunansu, a kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Na biyu, a sa gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun unguwa sau ɗaya a shekara, a daidaita ta da hutun Sallah lokacin da mazauna birane ke gida. Na uku, 'yan'uwa masu hali su ɗauki nauyin kyaututtuka da sayen littattafan da muka ambata a raba wa makarantu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, ya shirya mana zuriya, ya ƙara haɗa kan 'ya'yan Ƙofar Marke a duk inda suke. Amin.