Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Labarin Litattafai Daga Tamanraset Zuwa Kaduna

Ya kamata mu tuna da yadda litattafai suka zo hannunmu, gama yawancinmu mun buɗe ido ne mun tarar da su, ba mu san wahalar da aka sha a kansu ba.

Bari mu soma daga hamada. Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas, ya yi ta tafiya arewa, zai isa Tamanraset cikin duwatsun Ahaggar, a ƙasar Aljeriya. A shekara ta 1905 wani Bafaranse, Charles de Foucauld, ya sauka a can tsakanin Buzaye. Fada ne na Roman Katolika, koyarwarsa dabam da tamu, amma aikinsa abin lura ne. Shekara 11 ya yi yana tambayar mutane maganarsu, yana rubutawa. Ya juya Bishara cikin harshensu, ya tattara waƙoƙinsu, ya shirya ƙamus. Aka kashe shi ran 1 ga Disamba, 1916. Babban ƙamus ɗin nan, littafi 4, bai fito cikakke ba sai 1951 da 1952, a Faransa, wato shekara 35 bayan rasuwarsa. Mutum ɗaya ya yi aikin, amma babu ma'aikatar ɗab'i kusa da shi, babu kantin litattafai, babu ɗakin karatu.

A ƙasarmu Allah ya bi da abin ta wata hanya. A 1910 mishan dabam dabam, har da C.M.S. da S.I.M. da S.U.M., suka taru a Lakwaja, suka yi shawara su taimaki juna maimakon kowa ya kama gabansa. Likita Miller na Zariya ya ɗauki babban kaya cikin aikin juyi, waɗansu daga sauran mishan suka kama masa, tare da Hausawa masu gyara magana. Da haka Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, littafi ɗaya domin ekklesiyoyi duka. Da kowace mishan ta yi nata juyi, da yau mai bi na Wusasa da na Tsibiri ba su iya karatu tare ba.

Gwamnati kuma ta bi wannan sawu. A 1939 aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A 1952 aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna, ana aika akwatunan litattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e, in an karanta a mayar, a karɓi waɗansu. A 1953 UNESCO ta kira taro a Badun a kan sha'anin laburare na Afirka. Daga taron nan aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, inda mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo suka haɗa baki, suna roƙon hukuma ta ba da kuɗi, ta kafa doka, ta koyar da ma'aikata. Abin da mutum ɗaya zai faɗa a ƙyale shi, da suka faɗa tare sai aka saurara. A 1962 ƙungiyar ta rabu, Nijeriya ta kafa tata.

To, ina namu? A ekklesiyoyi da yawa mun ga kabad a kulle, litattafai a ciki gara na ci, alhali kuwa a ƙauye na gaba akwai sababbin masu bi da suka koyi karatu da ƙyar, suna mantawa don ba abin karantawa. Wanda ya manta karatu ya rasa hanyar bincika Maganar Allah da kansa, sai abin da aka gaya masa.

Saboda haka muna roƙonku, dattawan kowace gunduma su rubuta sunayen litattafan da ke hannunsu, su zaɓi amintaccen mutum ɗaya, akwati ya riƙa zagawa daga ekklesiya zuwa ekklesiya kowane wata. Waɗanda suka riga mu sun haɗa hannu, muka samu. Ubangiji ya ba mu alheri mu yi haka domin na bayanmu. Amin.