Na'urar da ake dasa wa kurma a kunne: yadda take aiki da wanda take yi wa amfani

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa. Cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke juya sauti ya zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma na'urar ƙara sauti da ake saƙalawa a kunne ba za ta yi wani abin kirki ba, don ita ƙara kawai take yi.

Na'urar dashe kuwa tsallake su take yi. Kashi biyu ce. Na waje yana bayan kunne, da makirfo da batir, maganaɗisu ne ke riƙe faifansa a jikin kai. Na ciki likita ke sa shi ƙarƙashin fata ta hanyar tiyata, ya zura siririyar waya mai bakuna 12 zuwa 22 cikin katantanwar, ta riƙa taɓa jijiyar da ɗan lantarki.

A Paris aka fara gwada wannan a 1957, hannun André Djourno da Charles Eyriès. Graeme Clark ya dasa mai bakuna da yawa a Melbourne ta Ostireliya a 1978. Yau Cochlear da MED-EL da Advanced Bionics na cikin manyan masu ƙera ta.

To, kada a ɗauka ana fitowa daga tiyata sai ji. Sai bayan 'yan makonni ake kunna ta, kuma da farko muryoyi kan zo kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Wata da watanni ake yi ana horo. Ga tsada, dubban daloli, ban da batir da gyara.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne sanƙarau, wanda ke yawaita a Arewa lokacin zafi. Yakan kashe ji, kuma bayansa katantanwar kan iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, har wayar ta kasa shiga. Don haka yaron da ya tashi daga sanƙarau, ko a nan Kudu ko an je gida hutu, a kai shi wajen likitan kunne a gwada jinsa da wuri, kada a tsaya cewa zai dawo da kansa.