Dietrich Bonhoeffer: Faston da ya ƙi miƙa wuya ga Hitler

Dietrich Bonhoeffer limamin Kirista ne ɗan ƙasar Jamus, mabiyin ɗariƙar Furotesta, wanda gwamnatin 'yan Nazi ta rataye a ranar 9 ga watan Afrilun 1945, yana da shekaru 39 a duniya. Sunansa yakan fito a duk lokacin da Kiristoci ke muhawara kan abin da ake nufi da riƙon amana a aikin fasto.

Ita dai kalmar fasto ta samo asali ne daga harshen Latin, ma'anarta kuwa makiyayi. Fasto ne ke yin wa'azi a majami'a ranar Lahadi, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya jagoranci jana'iza, ya kuma duba marasa lafiya. Kiristoci na ɗaukar jama'ar coci tamkar garke ne da aka damƙa masa amana, wanda Ubangiji zai tambaye shi a kansa. A Jamus ta wancan zamani wannan amana ta gamu da jarrabawa mai tsanani, domin majami'un Furotesta sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da hukuma.

An haifi Bonhoeffer a birnin Breslau a 1906. Mahaifinsa shehun malami ne a fannin likitancin ƙwaƙwalwa. Ya sami digirin digirgir a ilmin tauhidi a Berlin yana ɗan shekara 21, sannan ya yi shekara guda yana karatu a New York, inda ya riƙa halartar wata majami'ar baƙaƙen fata a unguwar Harlem, ya ga wariyar launin fata da idonsa. An naɗa shi fasto a 1931.

Rabuwar kan majami'u

Kwanaki biyu bayan Adolf Hitler ya zama shugaban gwamnati a ƙarshen watan Janairun 1933, Bonhoeffer ya yi jawabi a rediyo yana gargaɗi kan shugaban da ke bari a mai da shi gunki. Shirin ya katse kafin ya kammala.

A cikin wannan shekara wata ƙungiya mai goyon bayan 'yan Nazi, mai kiran kanta Kiristocin Jamus, ta lashe kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u a zaɓen majami'u. Aka naɗa Ludwig Müller, na hannun daman Hitler, babban bishop na ƙasa. Kazalika majalisar cocin yankin Prussia ta amince da dokar da ta hana duk wanda ke da asalin Yahudawa zama fasto, ko da kuwa an yi masa baftisma tun yana jinjiri.

Wannan doka ce ta tunzura Fasto Martin Niemöller, da Bonhoeffer da wasu takwarorinsu, suka kafa ƙungiyar agajin fastoci. Zuwa farkon 1934 ta tara mambobi kimanin 7,000 daga cikin fastoci wajen 18,000 da ke ƙasar. A watan Mayun shekarar suka fitar da sanarwar Barmen, wadda ta ce hukuma ba ta da hurumin shata wa coci abin da za ta koyar. Niemöller ya shiga hannu a 1937, bai fito daga sansanonin gwale-gwale ba sai 1945.

Sai dai bai kamata a zuzuta wannan turjiya fiye da kima ba. Yawancin fastocin sun tsaya ne ga kare 'yancin majami'unsu kurum. Da dama daga cikinsu sun yi rantsuwar biyayya ga Hitler a 1938, kuma lokacin da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a watan Nuwamban shekarar, ƙalilan ne suka buɗe baki. A nan Bonhoeffer ya bambanta da su: tun watan Afrilun 1933 ya rubuta cewa wajibi ne coci ta taimaki duk wanda hukuma ta zalunta, ko da ba Kirista ba ne.

Daga mumbari zuwa kurkuku

A 1935 ya dawo daga Landan, inda ya yi wa Jamusawa mazauna can limanci, ya karɓi ragamar wata makarantar horar da fastoci a Finkenwalde. 'Yan sandan ciki na Gestapo suka rufe ta a 1937. A watan Yunin 1939 abokansa suka samar masa mafaka a Amurka, amma bayan 'yan makonni ya hau jirgin ruwa ya komo gida. Hujjarsa ita ce wanda bai sha wuya tare da jama'arsa ba, ba shi da bakin magana a kansu bayan yaƙi.

Ta hannun mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya shiga hukumar leƙen asirin soja, inda masu shirin kifar da Hitler suka ɓoye. A 1942 ya gana da Bishop George Bell na Ingila a ƙasar Suwidin, ya isar da saƙon masu adawar ga gwamnatin Birtaniya, wadda ba ta amsa ba. An kama shi a watan Afrilun 1943. Bayan yunƙurin hallaka Hitler na 20 ga watan Yulin 1944 ya ci tura, sai aka gano takardun da suka tona asirinsa. An rataye shi a sansanin Flossenbürg makonni biyu kafin sojojin Amurka su isa wurin.

Har yau malaman Kirista na saɓani kan ko ya halatta fasto ya sa hannu a shirin kashe shugaba, komai zaluncinsa. Ko a lokacin da yake tsare, cocinsa ba ta sa sunansa cikin jerin fastocin da ake yi wa addu'a ba, saboda tana ganin lamarinsa na siyasa ne. A watan Oktoban 1945 shugabannin Furotesta na Jamus suka taru a Stuttgart suka amsa laifin gazawarsu. A 1998 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a majami'ar Westminster da ke Landan, a jere ɗaya da na Martin Luther King da na Akbishop Janani Luwum na Yuganda, wanda aka kashe a 1977 a zamanin mulkin Idi Amin.