Korona da Tsofaffi: Abubuwan da ke Rage Damar Tsira Bayan an Kwantar da Majiyyaci a Asibiti

Tun farkon ɓullar cutar korona, wato COVID-19, a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, likitoci suka lura cewa ba kowa take kayarwa iri ɗaya ba. Matashi kan yi mura da zazzaɓi na 'yan kwanaki ya miƙe, amma dattijon da suke gida ɗaya sai ta kai shi gadon asibiti. A cikin tsofaffin da aka kwantar ma, wasu kan koma gida da ƙafarsu, wasu kuma rai ya yi halinsa. Abubuwan da ke bambanta waɗannan da waɗancan su ne masana ke kira abubuwan haɗari.

Jihar Borno ta tabbatar da cutar a karon farko a jikin wani ma'aikacin jinya da ke aiki da ƙungiyar likitoci ta MSF a garin Pulka, wanda ya rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ranar 18 ga Afrilu, 2020. Kwana guda kafin nan, ɗan asalin jihar, Malam Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu a Legas bayan ya kamu da ita. Daga nan maganar ta shafi unguwanni irin Jiddari Polo da ke kusa da Barikin Giwa, inda, kamar sauran unguwannin gefen Maiduguri, kaka da 'ya'ya da jikoki ke zaune gida ɗaya, ga kuma 'yan'uwan da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu.

Shekaru da ƙarfin jiki

Shekaru ne kan gaba. A watan Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanan mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. Kashi 2.3 cikin ɗari ne suka mutu gaba ɗaya, amma a tsakanin 'yan shekara 60 zuwa 69 adadin ya kai kashi 3.6, a 'yan 70 zuwa 79 kashi 8, a waɗanda suka kai 80 kuwa kashi 14.8. Maza sun fi mata mutuwa. A nan gida, Ministan Lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona, kuma akasarin mamatan sun haura shekara 65. Dalilin a fili yake: garkuwar jikin tsoho tana jinkirin tashi, huhunsa ya rage naushi, tarinsa ba ya da ƙarfin fitar da majina.

Sai dai ƙidayar shekaru kaɗai tana iya yaudara. Akwai ɗan shekara 75 da ke taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar a rana, akwai ɗan 65 da sai an riƙe shi zai shiga bayi. Wani bincike da aka yi kan majiyyata sama da 1,500 a Birtaniya da Italiya a 2020 ya nuna cewa raunin jiki ya fi yawan shekaru ko jerin cututtuka hasashen yadda jinyar za ta ƙare. Shi ya sa likita kan tambayi dangi yadda majiyyaci yake makonni biyu kafin ya kwanta: yana wanka da kansa, yana zuwa kasuwa, ya rame a 'yan watannin nan? Amsa ta gaskiya, ba tare da kara ba, ita ce mai amfani. Rama da ƙarancin abinci mai gina jiki suna cikin wannan rauni, kuma ba baƙi ba ne ga tsohon da ya shafe shekaru yana gudun hijira.

Cututtukan da suka riga korona zama

Ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon hanta, tsohon ciwon huhu irin wanda tarin fuka ke bari, kansa, ƙiba mai yawa da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna ƙara haɗarin mutuwa. Hawan jini yana yawan fitowa a jerin, ko da yake nauyinsa yana raguwa idan aka cire tasirin shekaru, tunda galibin masu shi dama manya ne.

Biyu daga cikinsu sun fi shafar Maiduguri. Na farko ciwon suga, domin mutane da yawa ba sa sanin suna da shi sai ranar da aka auna su a gadon asibiti, lokacin da korona ta riga ta hargitsa sugan. Na biyu ciwon ƙoda, wanda ya yi ƙaurin suna a Borno da Yobe tun kafin annobar. Ƙodar da ta riga ta gaji ba ta jure zazzaɓi da gudawa da ƙin shan ruwa. Korona ta iso Borno ne a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, kuma ana dab da fara azumin Ramadan na shekarar. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, don haka yana iya bushewa ba tare da ya nemi ruwa ba. Raguwar fitsari a irin wannan hali alama ce da ba a wasa da ita.

Halin da majiyyaci ya iso asibiti

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin shi ne ɓangaren da ke hannun mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar cutar a matsayin mai tsanani idan iskar oksijin a jini ta yi ƙasa da kashi 90, ko numfashi ya wuce sau 30 a minti ɗaya. Abin da ya ba likitoci mamaki shi ne, oksijin na iya faɗuwa ƙwarai alhali majiyyaci yana zaune yana hira, bai ce numfashi na yi masa wuya ba. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ce ke tona wannan, kodayake bincike a Amurka ya nuna takan nuna adadi sama da na gaskiya a jikin masu baƙar fata, abin da ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai.

Tsofaffi kuma ba kullum suke nuna alamomin da aka saba ji a rediyo ba. Wani ba zai yi zazzaɓi ko tari ba. Sai dai a ga ya ƙi abinci, yana yawan barci, ya faɗi a tsakar gida, ko ya fara sambatu yana kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa. Iyali kan ce tsufa ne, ko iska, alhali ruɗewar da ta zo farat ɗaya tana cikin alamomin da ke tafiya da mummunan sakamako.

Hanyar da aka saba bi ma tana cin kwanaki. A fara da kemis ɗin unguwa a karɓi maganin maleriya, in bai yi ba a koma na taifot, a haɗa da jiƙe-jiƙe. A 2020 an ƙara da tsoron cibiyar killacewa, inda dangi ba sa zama jinya, da fargabar kada a hana su gawa idan ta Allah ta kasance. Ga mai zaune a Jiddari Polo, dare ya yi, babura haramtattu ne a birnin tun 2011, sai a nemi keke Napep ko a jira gari ya waye. Korona kuwa ta fi yin tsanani a mako na biyu, daidai lokacin da ake wannan kai-komo. Idan an isa, gwajin jini yakan nuna yadda abin ya yi nisa: kumburi a jiki, raguwar wasu ƙwayoyin garkuwa, alamar daskarewar jini, ko ƙoda ta fara tsayawa. Gwargwadon yawan sassan jikin da suka taɓu, gwargwadon raguwar damar tsira.

Abin da asibitin ke da shi

Mujallar The Lancet ta wallafa a watan Mayun 2021 sakamakon binciken majiyyata 3,140 masu tsananin ciwo a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, ciki har da Najeriya. Kashi 48.2 sun mutu cikin kwana 30, alhali matsakaicin adadin duniya kashi 31.5 ne. Baya ga shekaru da ciwon suga da ƙoda da hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, jinkirin samun gado saboda ƙarancin kayan aiki ya fito a matsayin abin haɗari mai zaman kansa. Oksijin ba ta rabuwa da lantarki, kuma Maiduguri ta ɗanɗana hakan a farkon 2021, lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin Damaturu, birnin ya shafe watanni a duhu, asibitoci suka koma kan janareta.

A fannin magani, gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa deksametason yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya bisa biyar ga masu shan oksijin, amma bai amfani wanda ba ya bukatar oksijin ba. Magani ne mai arha da ake samu a kemis, har wasu na shan sa don ƙiba, sai dai yana ɗaga suga yana kuma danne garkuwa, don haka ba a ba tsoho shi a gida. Gwajin ya kuma nuna cewa dangin kulorokwin da aka yi ta yayatawa bai ceci rai ba.

Najeriya ta karɓi kusan allurai miliyan 4 na riga-kafin AstraZeneca ranar 2 ga Maris, 2021, kuma tun daga nan rashin yin riga-kafi ya shiga jerin abubuwan haɗari ga dattijon da aka kwantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo, kuma hukumar ta ci gaba da sanya tsofaffi da masu tsofaffin cututtuka a sahun farko na waɗanda ake ba shawarar ƙara allurar.