Kuɗin Makarantun Gwamnati a Amurka

Kuɗin makarantun gwamnati a Amurka yana fitowa ne daga wurare uku: gwamnatin tarayya, gwamnatocin jihohi, da gundumomin makarantu. Gundumar makarantu hukuma ce ta yanki da ke kula da makarantun firamare da sakandare, tana ɗaukar malamai, kuma a jihohi da dama tana da ikon sanya haraji. Akwai irinsu kimanin 13,000 a ƙasar. Tarayya kan bayar da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a yawancin shekaru, jihohi da gundumomi ne ke ɗaukar sauran.

Harajin kadara

Mafi yawan kason gunduma yana zuwa daga harajin gidaje, filaye da gine-ginen kasuwanci. Saboda haka darajar kadarorin yanki tana da tasiri sosai a kan abin da ake kashe wa kowane ɗalibi. Yankin talakawa yana iya ɗora wa mutanensa haraji mai nauyi, amma ya tara kaɗan.

Shari'ar Rodriguez

Misali mafi shahara ya fito daga birnin San Antonio a jihar Texas. A shekarar 1968, Demetrio Rodriguez da wasu iyaye daga gundumar Edgewood, inda kusan kashi 90 cikin 100 na ɗalibai 'yan asalin Meziko ne, suka shigar da ƙara. Edgewood tana karɓar dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, amma dala 26 kawai ta samu ga kowane ɗalibi. Gundumar Alamo Heights ta masu hannu da shuni tana karɓar senti 85, ta samu dala 333. Ko da aka haɗa da tallafin jiha da tarayya, ɗalibin Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights kuwa 594.

A ranar 21 ga Maris, 1973, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba. Mai shari'a Thurgood Marshall yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Daga nan fafutukar ta koma kotunan jihohi. A 1989 Kotun Ƙolin Texas ta soke tsarin, kuma a 1993 jihar ta kafa dokar da ke karɓar rarar kuɗi daga gundumomi masu arziki tana rabawa ga marasa ƙarfi, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Robin Hood.

Girman gunduma

A 1940 gundumomin sun haura 100,000, aka yi ta haɗe ƙanana domin rage kashe kuɗi. Ƙaramar gundumar karkara tana biyan shugaba, motocin ɗalibai da gyaran gini domin yara ƙalilan, don haka kuɗin kowane ɗalibi kan yi tsada. Faɗin gunduma kuma yana cakuɗa unguwannin attajirai da na talakawa a asusu ɗaya. Jihar Hawaii gunduma ɗaya ce tak, Texas kuwa tana da fiye da 1,000.

Tasiri ga ɗalibai

Rahoton Coleman na 1966 ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa, kuma an daɗe ana kafa hujja da shi. Binciken Kirabo Jackson da abokan aikinsa na 2016 ya gano cewa ƙarin kuɗin da kotuna suka tilasta ya sa 'ya'yan talakawa sun ƙara daɗewa a makaranta, sun kuma samu albashi mafi tsoka bayan sun girma.