Ƙa'idojin yanar gizo

ƙa'idojin yanar gizo (suna, jam'i, tilo: ƙa'idar yanar gizo): Tsare-tsaren fasaha da ake bi wajen gina shafin intanet, kamar HTML da CSS, domin ya buɗe daidai a kowace waya ko kwamfuta. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, na cikin manyan masu tsara su. Ribarsu ga ɗan kasuwa ba kaɗan ba ce: shafi ba ya lashe data, Google na saurin gano shi, makaho na iya sauraronsa ta manhaja, gyaransa kuma ba tsada. Misali: "Mai sayar da abinci a Gidan Kwano ta ce a bi ƙa'idojin yanar gizo wajen gina shafinta, domin ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Minna da waya suke yin oda."